Robar kare haƙorin yaro: na sayi ta shago a Adum, na kuma yi ta wurin likita

Tun watan jiya wata ƙawata ta unguwar Akwatia Line nan Kumasi take damuna wai in faɗa mata tsakanina da Allah wannan robar da yarona yake sawa a baki in zai buga ƙwallo ta ci kuɗinta, ko kuwa likita ce kawai ta ga mai shagon atamfa a kasuwar Kejetia tace bari in yanke ta. Toh nace bari in rubuta sau ɗaya in huta, dan duka kala biyun na saya da kuɗina, ta shago da ta asibiti, babu wanda ya bani ko sisi in yi mishi talla, shiyasa ma bazan kama sunan shagon ko asibitin ba, dan akwai inda suka ɓata min rai kuma zan faɗa.

Yaron nawa shekararshi 9, yana aji 4. Duk wanda ya san shi a layinmu nan Aboabo ya san bakin nan baya rufuwa, haƙoran sama guda biyu na gaba sun yi gatso sun leƙo waje, ko bacci yake suna nan zaune akan leɓen ƙasa. Kakarshi kullum tsokana, wai angona mai dariya ba a bashi labari ba. Ni kuma aikina kenan, rufe bakinka kar ƙuda ya shiga, ya rufe minti ɗaya ya sake. Wallahi ni duk a zatona sakarci ne irin na yara. Ya yi tsotson babban yatsa har ya kusa shekara 6, babu abinda bamu shafa mishi ba, har ruwan shuwaka, ya lashe abinshi ya ci gaba.

Ranar wata Laraba ina shago aka kira ni daga makarantarsu wai ya faɗi lokacin burek. Filin nasu dama ba ciyawa bane, jar ƙasa ce da tsakuwa sai dakalin siminti a gefe inda masu sayar da abinci suke zama, ana ƙwallo wani ya sa mishi ƙafa ya tafi da baki akan dakalin. Kafin in samu pragya, keken haya mai ƙafa uku, in iso ticha ya wanke mishi jinin ya bashi hankici ya danne, yace min Mma ba komai leɓe ne kawai ya fashe. Sai da yaron ya buɗe baki naga haƙorin dama ya guntule ta kusurwa kamar an fasa faranti. Nace ina guntun, ticha yace ai an share wurin. Lokacin ni ma ban ɗauke shi komai ba, daga baya ne naji cewa da an tsince shi an jefa a madara likita tana iya manna mishi abinshi, kuma babu cikon da ya kai haƙorin mutum na asali kala da santsi. Har yau in na tuna sai naji haushin tsintsiyar nan.

Kwana biyu muna ruwan ɗumi da gishiri irin namu, leɓen ya sace, nace shikenan. Rana ta uku ya dawo daga makarantar allo ya fasa fiya wata mai sanyi ya kai baki sai ihu, ya yar da ledar yana riƙe da baki yana tsalle. Nan na gane abin ya wuce gishiri. Asibitin Komfo Anokye da muke cewa Gee suna da ɓangaren haƙori babba, maigidana can yace mu je, amma ni lokacin kaya sun shigo bana iya barin shago wuni guda, sai wata maƙociyata ta nuna min wani ƙaramin asibitin haƙori na kuɗi. Na tafi da katin inshorar lafiya a jaka, a tebur yarinyar tace basa karɓa. Dama katin a inda ake karɓarshi yana ɗaukar irin su cire haƙori da ƙaramin ciko, amma haƙorin roba da irin kayan da ake ƙerawa a sa a baki basa ciki, to ku san da wannan kafin ku fita gida.

Likitar matashiya ce 'yar Asante, Hausarta kaɗan-kaɗan amma tana ƙoƙari, Mma zauna, Mma yi haƙuri, sauran muka haɗa da yaren Asante da Turanci muka fahimci juna. Ta ɗauki hoton haƙorin, ta ƙwanƙwasa shi a hankali, ta taɓa mishi auduga mai sanyi ya zabura, tace Alhamdulillah jijiyar da ranta kuma karayar bata kai gare ta ba. Ta cike wurin da farin ciko mai kalar haƙori tana haska wata shuɗiyar fitila, cikin minti 40 an gama, in ba an nuna maka ba bazaka gane ba. Sidi 450 na biya da hoton. Wannan ɓangaren ban da abin cewa, aiki ya yi kyau.

Amma abinda ya fi tsaya min a rai ba cikon bane, wani ɗan siririn ƙarfe ne mai zane-zane kamar rula da ta ɗauko, tace ya haɗe haƙoranshi, ta auna daga haƙoran ƙasa zuwa bakin na sama, ta juyo min da shi tace milimita 7. Nace to sai me. Tace yawancin mutane 2 zuwa 3 ne, kuma bincike ya nuna yaron da nashi ya wuce 3 haɗarin karya haƙorin gaba ya kusa ninka na sauran yara sau biyu, kuma iya fitowar iya ƙaruwar haɗarin. Sai tace ya saki jiki ya rufe baki kar ya matsa, leɓen sama bai ko kai rabin haƙoran ba. Tace Mma kin gani, leɓe shine katifar haƙori, yaro in ya faɗi leɓen ne yake fara shan dukan, naki kuma haƙoran ne a gaba suna jiran ƙasa. Tsotson yatsa na shekaru yana cikin abinda ke tura su waje, wani kuma gado ne. Sai da naji kunya ta kama ni, shekara nawa ina mishi faɗan rufe baki ashe bawan Allah leɓen ne baya kaiwa.

Ta ci gaba da lissafo min tana wanke hannu, wai maza sun fi mata samun wannan, ba dan haƙoransu sun fi rauni ba sai dan kokawa da ƙwallo da keke da tsalle daga katanga, kuma tsakanin shekara 8 zuwa 12 ne aka fi kawo mata su. Haƙoran gaban nan na sama wajen shekara 7 zuwa 8 suke fitowa bayan famfara, saiwarsu kuma bata gama rufewa sai wajen shekara 10, kenan daidai lokacin da yaro ya fi rawar kai haƙorin bai gama zama ba. Ta tambaye ni ko yana da farfaɗiya nace a'a, tace masu ita suna cikin waɗanda ake sa wa ido sosai saboda faɗuwar ba shiri, haka yaran da basa iya zama wuri ɗaya. Sannan ta ƙara wadda bata min daɗi ba, wai wanda ya taɓa karyawa sau ɗaya ya fi saurin sake karyawa, dan halin da bakin da suka jawo na farko suna nan basu je ko'ina ba. Tace wani babban lissafi da aka fitar a 2018 ya nuna mutum sama da biliyan 1 a duniya sun taɓa jin ciwo a haƙori irin haka. Nace ashe dai muna da yawa.

Daga nan ne maganar roba ta taso. Tace tunda yana buga wa 'yan unguwa ƙwallo kusan kullum da yamma a yi mishi robar kare haƙori, ita tana yi a kan sidi 650. Nayi dariya nace Dakta robar ce ko zinari. Na fito na wuce Adum wurin masu kayan wasanni, shago na biyu na samu, sidi 70, cikin kwali mai hoton ɗan dambe, mai shagon yana rantse min duk ɗaya ne likitoci ne kawai suke cutar mutane.

Irin wadda ake tsomawa a ruwan zafi ce yaro ya ciza ta ɗauki siffar bakinshi. Daren nan kicin ɗina ya koma wurin kallo, ƙannenshi da yaran maƙota duk sun zagaye ni. Takardar tace a tafasa ruwa a sauke a tsoma ta kamar daƙiƙa 30, ni kuma wayata ta yi ƙara na tsaya amsa wata kwastoma, kafin in waiwayo ta yi laushi ta naɗe ta manne da kanta kamar gandar da ta wuce wuta, na ciro da cokali ina ɓanɓarewa tana ƙona min yatsa. Wannan laifina ne ba na robar ba, na yarda. Washegari na koma na sake sayen wata, sidi 140 kenan sun tafi. Wannan karon na tsaya da agogo, na ciro na ɗan tsoma a ruwan sanyi, na sa mishi nace ciza, tsotsa, ina danna mishi leɓe da kumatu da yatsu yana ta yunƙurin amai hawaye na zuba, dan robar ta manya ce tsawonta ya wuce turamen shi har tana taɓo maƙoshi. Sai da na sa almakashin yankan atamfa na rage mata ƙarshe ta kowane gefe.

Toh ga babbar matsalarta, kuma wannan ce nake so masu yara irin nawa su ji. Ita robar shago an yi ta ne da bakin da haƙoranshi suke jere daidai. Da ya ciza, haƙoran nan biyu da suka fito waje sai suka tura robar ta miƙe ta yi siriri a gaba, na ɗaga ta a fitila ina hango haske ta wurin, can baya wurin turame kuma ta yi kauri kamar takalmi. Kenan inda ake buƙatar kaurin nan ne babu. Ga shi bata kama haƙori, sai ya cije ta take zama, da ya buɗe baki zai ce a bashi ƙwallo sai ta faɗo. Yaron da ke gudu yana haki ta ina zai yi ta cije abu. Na aiki yayanshi ya leƙa min filin, ya dawo yace Mma ai a cikin safa yake sa ta, in ya hango ki ne yake mayarwa baki, daga safa fa zuwa baki. Sati uku ya tauna gefenta kamar cingam ta yi yaga-yaga. Araha dai bata ado. In maki zan bata 3 cikin 10, kuma ukun nan dan na san yaro babba mai jerarrun haƙora zata iya zama mishi ta fi babu, ɗan yayata mai shekara 15 irinta yake sawa bai taɓa kuka da ita ba.

Haka na koma asibitin da ƙafata ina sunkuyar da kai, likitar bata ce min ai na faɗa miki ba, ta dai juya robar tawa a hannu ta yi murmushi. Ta kwaɓa wani abu mai ruwan hoda kamar ƙullin ƙosai ta zuba a wani ɗan cokali mai siffar baki ta danna mishi a haƙoran sama, minti biyu ya daskare ta ciro, ga bakinshi nan sak har wurin cikon. Da shi suke zuba siffar haƙoran sannan a gasa faifan roba a matse shi a kai. Ya zaɓi ja saboda kalar kulob ɗin ƙwallo na Kotoko ce, babanshi ɗan kulob ɗin King Faisal ne bai ji daɗi ba.

Nan ne kuma suka ɓata min rai. Aka ce sati ɗaya, na biya rabi ta momo, wato tura kuɗi ta waya, sati ya cika na rufe shago na je aka ce mai haɗawa bai kawo ba, babu wanda ya kira ni. Na biyu aka ce wuta ce ta hana su aiki. Sai da aka kusa sati uku, kuma duk kwanakin nan yaron yana filin ƙwallo da baki tsirara, ni kuma kowace zuwa kuɗin mota da asarar ciniki. Yarinyar teburin ko haƙuri bata iya bayarwa ba, tana danna waya tana amsa min. Likita kirki, amma mutanen gabanta suna kashe mata kasuwa.

Robar kanta kuwa gaskiya ba a haɗa su. Da aka danna ta sai naji ɗan ƙas, ta kama, ya buɗe baki ya girgiza kai bata motsa ba, sai da yatsa biyu ake ciro ta. Likitar tace ya karanta Fatiha ya karanta tas, harafin sin ne kawai yake ɗan fito da iska. Gabanta da kauri wajen milimita 4 daidai kan haƙoran nan biyu, ta hau har kan dasashi, baya kuma bata da tsawon da zai sa shi amai. Yana shan ruwa da ita a baki. Kwanakin farko yaran fili suka sa shi gaba wai ɗan dambe Azumah Nelson ya zo, ya dawo yana kumbure-kumbure yace shi bazai ƙara sawa ba, babanshi yace to ba roba ba ƙwallo, zaɓi ɗaya. Yanzu su da kansu suke roƙonshi ya ara musu su gwada, na ce in na ji ya ba wani ya sa a baki ni da shi ne. Wata biyu da fara sawa aka yi mishi gwiwar hannu a baki ana tsallen kai, leɓe ya kumbura ya yi suntum amma haƙora da cikon ko gezau. Ranar ban ƙara jin zafin 650 ɗin nan ba.

Kulawarta ba wuya, a wanke da ruwan sanyi da sabulu da buroshi, a barta ta bushe a sa a akwatinta mai ƙofofi. Banda ruwan zafi banda rana, zafin Kumasi in aka barta akan taga zata lanƙwashe. Aibinta na gaske shine ba ta shekaru bace, yaron bai gama famfara ba, fiƙoƙi da na gefe sai wajen shekara 11 zuwa 12 suke gama canzawa, likitar ta faɗa min tun farko da wuya ta wuce shekara guda bata matse shi ba a sake wata. Ga wanda yake da yara maza uku huɗu wannan ba ƙaramin lissafi bane. Na bata 8 cikin 10, biyun da na cire na jira ne da wannan.

Sai dai kar wata ta karanta wannan ta ɗauka da an sayi roba an gama. Awa ɗaya ko biyu take bakinshi a rana, sauran awannin fa. Satin da ya wuce a makarantar allo wurin alwala, tayil ya jiƙe suna rige-rigen buta wani ya ture shi, ya sake tafiya da baki, robar tana can cikin jaka a akwatinta lafiya lau. Allah ya taƙaita haɓa ce ta bugu, amma cikon ya ɗan ɓalle a baki sai da aka gyara. Ga kwatocin layinmu a buɗe yara suna tsallake su da gudu, ga keken haya da suke hawa su biyu uku ba birki, ga mugun wasan nan na buga wa mutum kwalba ko kan famfo yana cikin shan ruwa. Likitar tace maganin nashi na asali shine a mayar da haƙoran ciki da waya in lokaci ya yi, leɓe ya samu ya rufe su, ta faɗi kuɗin na ce Dakta bari in fara adashi tukun.

Abu ɗaya da ta koya min kyauta wanda na je har makarantarsu na maimaita wa tichan, shine in haƙorin babba ya fita gaba ɗaya da saiwarshi. Mu mun saba da na famfara, a ɓoye kar ƙadangare ya gani a jefa kan rufi, to wannan ba irinshi bane, wani baya sake fitowa. A ɗauke shi ta kan da ake tauna da shi kar a taɓa saiwar, in ya yi ƙasa a ɗauraye da madara kar a kankare, in da hali a mayar da shi raminshi nan take yaro ya ciza hankici a wuce asibiti. In an kasa a jefa shi a madarar ruwa irin ta kwali, ko ruwan dirif mai gishiri na kemis, ko yaron ya tofa yawunshi a kofi a sa a ciki. Banda nono mai tsami, banda fiya wata, banda naɗewa a takarda, dan in ya bushe ya kai awa ɗaya abinda ke jikin saiwar da zai sa ya kama ya mutu. Na yarinta kuma ba a mayar da shi sam, yana iya lalata na ƙasanshi da bai fito ba. Tichan yana ji yana gyaɗa kai, yace shekararshi 11 yana koyarwa babu wanda ya taɓa faɗa mishi.

Yanzu dai wata shida-shida muke komawa a duba jijiyar, dan tace haƙorin da ya bugu yana iya yin shiru wata da watanni sannan ya fara duhu ko ƙurji ya fito a dasashi, shiyasa kullum da safe in yana goge baki sai nace buɗe in gani, yana cewa Mma kin gani jiya fa. Auta kuma shekararta 4 ta fara nata tsotson yatsan, ita har biyu take haɗawa, jiya kakarsu ta aiko da shuwaka.